Organum, motet, madirigal: mene ne ya raba su?

Autar Mama: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Don Allah a taimaka mini. Ina sauraron tsoffin waƙoƙin Turai na ƙarni na 12 zuwa na 16, kowace da sunan da aka liƙa mata: wannan organum, waccan motet, wata madirigal, wata Misa. Ni dai a kunnena duk ɗaya suke, mutane na ta jan murya, babu ganga babu kalangu. Me ya raba su? Kuma don me ake ce musu kiɗa alhali ba a kaɗa komai?

Mai Gurmi: Wa'alaikumus salam. Auta, tambayarki ta ƙarshe daga bakina kika ƙwace ta. Abin da ba a kaɗa ba, ba a busa ba, ba a goga ba, ta ina ya zama kiɗa? Bari Malam ya zo.

Malam Mai Alli: Wa'alaikumus salam 'yata. Ki ajiye sunayen tukuna, ki fara ƙirga muryoyin da ke tafiya kowace da hanyarta. Daga nan ki lura da harshen da ake rerawa da shi, da wurin da aka yi waƙar dominsa, coci ne ko fadar sarki. Yawancin sunayen daga nan suke rabuwa.

Tushen su duka rerawar coci ce da Latin, wadda ake jingina wa Paparoma Giregori na Ɗaya, wanda ya riƙe kujerar Roma daga 590 zuwa 604. Rauji ɗaya ne tak. Ko mutum hamsin ne suke rerawa, layi guda suke bi, ba mai hawa ya bar ɗan'uwansa a ƙasa. Sunan Giregori kuwa rawani ne kawai aka naɗa mata. Siffar da ta iso mana ta kafu ne a daular Farankawa a ƙarni na 8 da na 9, lokacin da Sarki Pepin da ɗansa Sharlaman suka so majami'un ƙasarsu duka su riƙa rerawa irin ta Roma. Aka kawo ta Roma, ta gauraya da ta gida, abin da ya fito aka ce na Giregori ne don kowa ya karɓa ba musu.

Mawaƙin Coci na Jos: Baba Malam, a ba ni dama in ƙara. Ko a wannan rerawar mai rauji ɗaya akwai tsari biyu na rera Zabura. Wani lokaci mutum ɗaya ya ja aya, jama'a su karɓa. Wani lokaci a raba mawaƙa gida biyu suna fuskantar juna, wannan gefe ya yi aya, wancan ya yi ta gaba. Har yau ana yin duka biyun.

Mai Gurmi: To ai shi ke nan, magana ta ƙare. Jagora da 'yan amshi ke nan. Mene ne sabo a ciki da har aka rubuta masa littattafai?

Malam Mai Alli: A wannan matakin na yarda da kai, Mai Gurmi, kama ta yi kama. Amma jagora da 'yan amshi karɓa-karɓa suke yi, ɗaya ya sauke, ɗaya ya ɗauka. Organum wani abu ne dabam. Muryoyi biyu ne suke tafiya a lokaci guda a kan sautuka mabambanta. Wani littafin ƙarni na 9 mai suna Musica enchiriadis ya bayyana yadda ake yi: wani ya rera tsohon raujin coci, wani ya bi shi kafaɗa da kafaɗa amma da tazarar mataki huɗu ko biyar. Wato in wannan yana kan do, wancan yana kan fa ko sol. Ya hau, ya hau. Ya sauka, ya sauka. Da farko iyakar abin ke nan.

Baƙon Damagaram: Tunda Malam ya ambaci do da sol, in sa baki, don mu nan da su aka koya mana waƙa a lakwal. Kafin ƙarni na 11 alamomin da ake sawa a saman kalmomi, waɗanda ake kira niyum, ƙugiyoyi ne da ɗige-ɗige da ke nuna murya ta hau ko ta sauka, amma ba su faɗin nisan hawan. Wanda ya riga ya haddace waƙar kawai suke tuna wa. Sai wani ɗan zuhudu a Italiya, Gido na garin Arezzo, wajajen 1025 zuwa 1030 ya tsara jera alamomin a kan layuka, kowane layi da sautinsa. Shi ne kuma ya ciro ut, re, mi, fa, sol, la daga farkon layukan wata waƙar yabon Yahaya Mai Baftisma, domin kowane layi nata yana farawa da mataki ɗaya sama da na baya. Sai a ƙarni na 17 aka maye ut da do a Italiya. Daga lokacin Gido mutum yana iya rera waƙar da bai taɓa ji ba, daga takarda kawai.

Mai Gurmi: Wannan ne abin da ban gane amfaninsa ba. Waƙar da ba ka taɓa ji daga bakin ubangidanka ba, ina za ka samo daɗinta? Takarda za ta gaya maka inda ake jan numfashi?

Malam Mai Alli: Ba za ta gaya maka ba, shi ya sa har gobe masana suna jayayya a kan saurin da ake rera waɗancan waƙoƙin. Amma dubi abin da takardar ta haifar a Faris. An fara gina babbar majami'ar Notre Dame a 1163, kuma a nan aka yi mutum biyu, Leonin da Perotin. Sunayensu ma wani ɗalibi ɗan Ingila ne ya adana mana su a rubutunsa, shi kansa ba a san sunansa ba. A zamaninsu murya ta biyu ta riga ta daina bin ta farko kafaɗa da kafaɗa. Sai aka ɗauki tsohon raujin coci aka miƙe shi, sauti ɗaya a riƙe shi tsawon lokaci, a samansa wata murya tana ta kai da komo. Mai riƙon nan shi ne tenor, daga kalmar Latin mai nufin riƙewa. A lokacin ba ya nufin namiji mai siririyar murya kamar yadda ake nufi yanzu, aiki ne aka ba shi. Perotin ya kai muryoyin huɗu a Viderunt omnes wajajen 1198. Auta, ki saurare ta: gaɓar farko ta kalmar farko kaɗai za ki ji ana ta jan ta kamar ba za a wuce ba. Mutum huɗu kowa da hanyarsa, su haɗu a inda aka tsara su haɗu, wannan sai da lissafi da rubutu.

Hajiya Mai Karatu: Malam, ranka ya daɗe, a nan zan ja da kai. Maganarka tana nuna kamar sai da alƙalami ake haɗa muryoyi da yawa, kuma ba haka ba ne. Mutanen Aka na dazukan Afirka ta Tsakiya suna rera layuka huɗu a lokaci guda, ba su da takarda ko ɗaya. Manoman ƙasar Jojiya suna waƙar murya uku tun kaka da kakanni. Hukumar UNESCO ma ta sanya duka biyun cikin gadon ɗan Adam. Abin da rubutu ya kawo wa Turai dabam ne: ya ba mutum ɗaya dama ya zauna shi kaɗai ya tsara wa kowa abin da zai faɗa, ya sa sunansa, a ɗauki takardar a kai wani gari a rera ba ya nan. Mawaƙi da mai tsara waƙa suka zama mutum biyu. Wannan ne sabon abu, ba yawan muryoyin ba.

Malam Mai Alli: Hajiya, gyaranki ya shiga. Sai dai ki bar mini wannan: tsawon ginin da Perotin yake yi, da yadda za a maimaita shi daidai bayan shekara ɗari, ba don takarda ba da ba mu same shi ba.

Hajiya Mai Karatu: Wannan na bar maka.

Autar Mama: Na gane organum. To motet fa? Wata da na saurara kamar mutum uku ne ke magana a tare kowa da zancensa. Na ɗauka kunnena ne.

Baƙon Damagaram: Ba kunnenki ba ne, ƙanwata, haka take. A organum, muryar sama tana ta yawo a kan wasali ɗaya. A ƙarni na 13 sai wasu suka ga ai gara a ba wannan yawon kalmomi nasa. Mot da Faransanci kalma ce, daga nan sunan ya fito. Abin bai tsaya nan ba. Tenor yana riƙe da guntun waƙar coci ta Latin a ƙasa, murya ta biyu tana wani baiti, ta uku tana wani dabam, kuma sau da yawa na saman da Faransanci suke, suna zancen soyayya ko wata makiyayiya da aka haɗu da ita a jeji. Duk a lokaci guda.

Mai Gurmi: Subhanallahi! Ana ibada a ƙasa, ana zance da budurwa a sama? Kuma wa zai ji abin da ake faɗa? Mu a wurinmu in ba a ji maganar mawaƙi ba ai bai yi waƙa ba. Kirari ne, habaici ne, zambo ne, duk sai an ji.

Mawaƙin Coci na Jos: Yaya Mai Gurmi, ashe kai da Paparoma bakinku ɗaya. Paparoma Yahaya na 22, wanda yake zaune a Avignon, ya fitar da doka wajajen 1324 zuwa 1325 yana kukan wannan abin. Ƙorafinsa shi ne 'yan sabon salo suna daddatsa raujin coci, suna cika shi da ƙananan sautuka masu gudu, suna ɗora masa baitocin harshen gida, har masu ibada su shagala da daɗin kunne. Ya bar ƙofa kaɗan: ranar idi a iya ƙawata rerawa da tazarar huɗu ko biyar ko takwas, muddin tsohon raujin yana fitowa sarai.

Autar Mama: Daddatsawar nan wace iri ce?

Malam Mai Alli: Ana ce mata hoket. A raba rauji ɗaya tsakanin mutum biyu, wannan ya furta sauti ɗaya ya yi shiru, wancan ya cike gurbin, da sauri, har abin ya yi kamar shaƙuwa. Mutanen Aka da Hajiya ta ambata su ma gwanayenta ne.

Sabon salon da Paparoma yake faɗa da shi kuwa shi ne Ars nova, wanda ake dangantawa da Philippe de Vitry wajajen 1320. Kafin shi, Franco na Kolon wajajen 1280 ya riga ya sa siffar alama ta nuna tsawon sauti. Amma a da ana ɗaukar rabon lokaci gida uku shi ne cikakke, saboda aƙidar Triniti. Ars nova ta ba rabo gida biyu matsayi, ta kuma kawo gajerun sautuka. Dokar Paparoma ba ta tsayar da komai ba. Guillaume de Machaut, wanda ya rasu a 1377, malamin coci ne a Reims, kuma shi ya tsara Misa ta farko cikakkiya da muka san mutum ɗaya ya yi, mai murya huɗu.

Mawaƙin Coci na Jos: Don Auta ta gane: in aka ce Misa a matsayin nau'in waƙa, ana nufin sassa biyar na ibadar Katolika waɗanda kalmominsu ba sa canjawa kowace rana. Kyrie, neman jinƙai ne, kuma shi da Girkanci yake. Sai Gloria, Credo, wato shaidar bangaskiya, Sanctus, da Agnus Dei. Tunda kalmomin ba sa canjawa, mai tsara waƙa ya san aikinsa zai yi amfani duk shekara, shi ya sa kowa ya gwada gwanintarsa a kansu. A ƙarni na 15 har raujin waƙar duniya ake ɗauka a ba tenor ya riƙe cikin duka sassan. Akwai wata waƙar Faransanci ta mutum mai ɗauke da makami, L'homme armé, an gina Misa fiye da 40 a kanta.

Mai Gurmi: Ku dai kuna ta coci coci. Turawan nan ba su da mawaƙan fada ne? Ba su da masu molo?

Baƙon Damagaram: Suna da su sosai. A kudancin Faransa akwai turubadur, suna waƙa da harshen Oksitan, na farkon da aikinsa ya rage shi ne Wiliyam na 9, mai mulkin Akitaniya, wanda ya rayu daga 1071 zuwa 1126. Kun ga basarake ne da kansa. A arewa ana ce musu turuber, a Jamus minesinga. Machaut ɗin nan ma yawancin aikinsa waƙoƙin soyayya ne na fada, masu siga uku: balad, rondo da birele. Bambancinsu a wurin da gindin waƙa yake dawowa ne. A birele gindi ne ke buɗewa, a yi ɗiya, a komo gindi. A balad layin ƙarshe na kowane baiti shi ne ake maimaitawa. Rondo kuwa har tsakiyar baiti rabin gindin yake kutsowa.

Zancen molo kuma, Mai Gurmi, nan za ka ji daɗi. Lut ɗin Turai daga al'ud na Larabawa ya samo suna da jiki. Rebek, ɗan gogensu, daga rababa. Ƙananan tamburansu da ake ce wa naka daga naƙƙara. A Sifen akwai littafin Cantigas de Santa Maria na zamanin Sarki Alfonso na 10 a ƙarni na 13, waƙoƙi sama da 400, da zane-zanen makaɗa, har da inda Musulmi da Kirista suke kaɗa lut tare. Algaitarmu ma sunanta daga algaiɗa ta Magrib ya zo, kuma dangi ɗaya ce da abin busan da Turawan wancan zamani suke kira shom.

Mai Gurmi: Ka ji magana! Ashe duk daga Andalus suka kwasa. Har do re mi ɗin ma na taɓa jin daga haruffan Larabci ne.

Hajiya Mai Karatu: Yi a hankali, ɗan'uwa. Kayan kiɗa, wannan tabbas ne, sunayen ma sun isa shaida. Cewa turubadur sun ari salon soyayyarsu daga muwashshaha, wani salon waƙar Larabawan Andalus, wannan masana sun daɗe suna ja-in-ja a kai. Amma do re mi waƙar da aka ciro su tana nan, kowa na iya dubawa. Organum da motet kuwa a coci aka haife su. Kada mu tsere wa masu cewa komai Turai ta fara, mu faɗa ramin cewa ba ta fara komai ba.

Mai Gurmi: Hajiya ba ki barin mutum ya sha ruwa. Na ji. Amma ƙorafina yana nan: ba a jin magana.

Malam Mai Alli: Ƙorafinka bai mutu ba, sau biyu ya sake tashi. Na farko a Majalisar Trent, taron manyan Katolika daga 1545 zuwa 1563. Kafin a kai nan muryoyi sun ƙaru, sun kuma daidaita. Mutanen Ingila irin su Dunstaple sun shigo da tazarar uku da shida mai taushi a kunne. Josquin des Prez, wanda ya rasu a 1521, ya ƙware a salon kwaikwayo, wato murya ɗaya ta fara jimla, ta biyu ta shigo da ita bayan ɗan lokaci, ta uku ta biyo. Petrucci ya buga littafin farko na irin wannan waƙa da injin ɗab'i a Benis a 1501, abin ya bazu. Motet a wannan zamani ta koma waƙar addini da Latin mai nassi ɗaya, ba irin ta ƙarni na 13 ba, suna ɗaya abu biyu ke nan, Auta ki kiyaye. Thomas Tallis a Ingila har mai murya 40 ya yi. Amma da kowa ke shigowa a lokacinsa, kalmomi sai su hau kan juna, malaman coci suka sake kuka.

Mawaƙin Coci na Jos: A nan ne ake ba da labarin cewa an kusa hana waƙar muryoyi da yawa, sai wani mai tsara waƙa, Palestrina, ya tsara Misar Paparoma Marcellus, aka ji kowace kalma, aka fasa.

Hajiya Mai Karatu: Labarin yana da daɗi amma ƙari ne aka yi daga baya. Misar tana nan, an buga ta a 1567, kuma gaskiya a Gloria da Credo muryoyin suna furta gaɓoɓi kusan tare, ana ji. Amma majalisar ba ta yanke hukuncin hanawa ba balle wani ya ceto. Abin da ta faɗa kaɗan ne, a kawar da abin batsa da rashin tsarki daga waƙar coci.

Autar Mama: Saura madirigal, Baba.

Malam Mai Alli: Ita ce tashi na biyu, kuma a nan masu son a ji magana suka yi nasara. Madirigal ta ƙarni na 16 waƙar duniya ce da Italiyanci, mutum huɗu zuwa shida, kowa da layinsa, ana zaune a gida ana rerawa don nishaɗi. Ba ta da gindi mai dawowa. Rauji yana bin baiti layi bayan layi. In baiti ya ce sama, murya ta hau. In ya ce mutuwa ko kuka, a sa sautuka masu karo da juna da gangan. Monteverdi ya yi nisa a wannan har wani malami mai suna Artusi ya rubuta littafi a 1600 yana cewa ya karya ƙa'ida. A littafinsa na biyar na madirigal a 1605, Monteverdi ya amsa cewa akwai hanya ta biyu. Ɗan'uwansa ya yi bayaninta daga baya: kalma ce uwar gida, sauti bawanta.

A Fulorans kuma wasu suka ce ma a bar taron muryoyin, a bar mutum ɗaya ya rera kamar yana magana, a dafa masa da kayan kiɗa daga ƙasa. Daga nan ofera, wato wasan kwaikwayo da ake rerawa, ta fito: Euridice ta Peri a 1600, Orfeo ta Monteverdi a Mantuwa a 1607.

Mai Gurmi: Wato bayan shekara ɗari bakwai suna yawo, sun dawo wurin mutum ɗaya da molonsa.

Baƙon Damagaram: Kusan haka, amma ba su dawo hannu wofi ba. Dafawar da ake yi daga ƙasa, baso kontinuwo, layin ƙasa kawai ake rubutawa da 'yan lambobi, makaɗi ya cike sauran daga kansa. Lambobin nan kuwa taƙaitawa ce ta haɗuwar muryoyin da aka koya tun daga organum. Kuma a wannan zamanin ne aka fara raba suna: kantata abin rerawa, sonata abin kaɗawa ko busawa, tokata abin da ake taɓawa da yatsu a kan organ. Ga amsar tambayarku ta kiɗa. Su kalma ɗaya ce ta haɗa musu waƙa da kiɗa, mu muka raba, shi ya sa in an fassara sai ta yi tuntuɓe.

Mai Gurmi: Tsaya. Ka ce makaɗi ya cike sauran daga kansa? Ashe takardar ba ta gama komai ba.

Malam Mai Alli: Ba ta taɓa gamawa ba. Mawaƙan coci na ƙarni na 15 da na 16 ana koya musu ɗora murya ta biyu nan take a kan raujin da ke littafi, ba tare da an rubuta musu ba, kuma da wannan ake gwada ƙwarewar mutum.

Mawaƙin Coci na Jos: Baba, wannan kam in aka ce mu yi shi ranar Lahadi, rabinmu za su zauna.

Mai Gurmi: Ku turo mini su wata uku. Amma Malam, har yanzu ba ka gaya mana dalilin da ya sa wasu daga cikin tsoffin nan suke ƙarewa a sautin da kunne bai zata ba.

Malam Mai Alli: Wannan zancen mod ne, hanyoyin sauti takwas na coci, waɗanda wani masani Glarean ya mayar 12 a 1547. Dogon karatu ne, ga shi an kira la'asar. Baƙon Damagaram, fara musu da mod ɗin da ake kira Doriyan, in na dawo in ɗora daga na Firijiyan.